Ziyarar tashar jiragen ruwa a garin shaƙatawa na bakin teku: yaushe za mu je, me za mu kalla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai iyalina hutu wani gari na bakin teku da mutane ke zuwa shaƙatawa. Da ni da maiɗakina da yara uku, sai mahaifiyata wadda ciwon ƙafa ya fara damunta. A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin teku sai a talabijin. Kowa na ce mana kada mu dawo ba mu leƙa tashar jiragen ruwa da titin bakin ruwa ba. Wane lokaci ya fi dacewa mu je? Me ake kallo a wurin? Yara za su iya shiga ruwa? Kuma ko mu hau jirgin da ke zagayawa da baƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Tambayoyinka huɗu ne, amma ta farkon ce ke jan ragamar sauran, don haka a kanta zan fi daɗewa. Na yi aiki a ofishin kula da shige da ficen jirage na wata ƙaramar tasha, kuma abin da na fi lura da shi ga baƙi shi ne suna tsara ranarsu da agogon hannunsu, alhali tasha da lokacin ruwa take aiki. Mutum zai gama karin kumallo a nitse, ya iso da hantsi, ya tarar masunta sun sauke kaya sun tafi barci, ruwa ya janye, jirage suna kwance a laka. Ya koma yana cewa babu abin gani.

A yawancin gaɓoɓin duniya teku yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50. Daga cika zuwa cika ta gaba kimanin awa 12 ne da minti 25, daga cika zuwa ƙarshen janyewa kuma awa 6 da 'yan mintuna. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. Da yake watan kansa tafiya yake yi, kafin inda kake tsaye ya sake fuskantarsa sai an ƙara wannan minti 50 a kan kwana guda. Shi ya sa idan yau ruwa ya cika da ƙarfe 9 na safe, gobe sai wajen 10 saura, bayan mako guda kuma a wannan lokacin za ka tarar ya janye ne. Wanda ya je garin bara ya ce maka "ku je da ƙarfe kaza" bai yi maka ƙarya ba, amma lissafin ranarsa ya ba ka.

Mai bin lissafin kwanan wata ya riga ya san rabin karatun. A kusa da tsayuwar wata, da kuma kusa da daren 14 ko 15, rana da wata suna jan ruwa a layi ɗaya, sai cikar ta yi girma, janyewar ta yi nisa. Yawanci abin ya fi ƙarfi kwana ɗaya ko biyu bayan waɗannan darare. A wajen 7 ko 8 ga wata, da 22 ko 23, jan nasu yana saɓawa, sai ruwan ya yi sanyin jiki, bai cika sosai ba, bai janye sosai ba.

Yawan hawa da saukar ya danganta da garin da za ku, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. A yawancin gaɓar Bahar Rum bai kai rabin mita ba, har baƙo zai yi mako bai lura ba. A Saint-Malo da ke arewacin Faransa yakan kai mita 12, haka ma a mashigin Bristol na Birtaniya yakan wuce haka. A mashigin Fundy na Kanada, wanda ya fi ko'ina, yana kai wajen mita 16, tsayin bene mai hawa biyar ke nan. To, kafin ku tashi, nemi jadawalin cikar ruwa na wannan gari takamaimai. Ana samunsa a intanet, ana kuma liƙa shi a allon ofishin shugaban tasha. Zai ba ka lokacin kowace cika da kowace janyewa, da tsayin ruwan a mita. Ka cire ƙaramin adadin daga babban. Idan abin da ya rage bai wuce mita ɗaya ba, maganar ruwa ba za ta dame ku sosai ba, sai ku bi lokacin masunta kawai. Idan ya kai mita 3 ko sama, jadawalin nan shi ne zai tsara muku yini.

Shawarata a irin wannan wuri ita ce ku isa tasha kamar awa biyu kafin ruwa ya cika. A lokacin ne ake motsi: jiragen da suka jira ruwa a waje suna shigowa, na ciki suna kwance igiya. Inda tashar ke da zurfi kullum, masunta kasuwa suke bi, yawanci da sassafe suke sauke kaya, wasu wuraren kuma da la'asar. Wannan ba ya cikin kowane jadawali. Ka tambayi mai masaukinku ko wani dattijo da ka gani yana ɗinkin taru. Matambayi ba ya ɓata. Idan kuna da kwana biyu, ku sake komawa lokacin da ruwa ya janye ƙarƙaf. Ni a wurina wannan kallon bai gaza na farko ba. Za ku ga cikin jiragen da ruwa ke ɓoyewa, da farfela, da sarƙoƙin da ke kwance a laka, da layin gansakuka a jikin katanga wanda ke nuna inda ruwa yake kaiwa, can sama da kan mutum. Yaro idan ya ga wannan da idonsa, ya dawo bayan awa shida ya tarar jiragen nan suna yawo daidai da ƙafarsa, ba zai manta ba.

Akwai lissafi guda da matuƙa ke yi wanda nake so ka riƙe, domin rai yake ceta. Ruwa ba ya hawa da gudu iri ɗaya. Ka raba dukkan hawan kashi 12. A awa ta farko kashi 1 yake hawa, ta biyu kashi 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato rabin ruwan gaba ɗaya a awa biyun tsakiya yake zuwa. Idan hawan mita 6 ne, awa ta farko rabin mita kawai za ka gani, ka ce ai a hankali yake tahowa, sai a awa ta uku da ta huɗu ya ƙaru da mita 3. A kan shimfiɗaɗɗen rairayi kuma ba ta gabanka kaɗai yake zuwa ba, yana bin kwaruruka ya zagayo ta bayanka, kafin ka ankara kana tsaye a tsibiri. A watan Fabrairun 2004, a mashigin Morecambe na Ingila, leburori 'yan ƙasar Sin fiye da 20 da ke tsintar katantanwar teku a kan rairayi suka halaka ta wannan hanya da daddare. Don haka duk wani dutse ko tsibiri ko lungu da ake takawa a je idan ruwa ya janye, ku je yayin da ruwan ke kan janyewa, ku juyo da zarar lokacin da jadawali ya ce ya kai ƙasa ya yi.

Game da abin kallo, ka fara da sanin cewa wurin kashi-kashi ne. Yawancin garuruwan nan ƙauyukan masunta ne tun asali, shaƙatawa daga baya ta same su. Brighton ta Ingila ta fara cika da baƙi ne bayan wani likita, Richard Russell, ya wallafa rubutu a 1750 yana cewa ruwan teku magani ne, sannan jirgin ƙasa daga Landan ya iso a 1841 ya buɗe ƙofa ga talakawa. Shahararren titin bakin ruwa na birnin Nis a Faransa, Turawan Ingila masu zuwa gudun sanyi ne suka tara kuɗin fara shi a shekarun 1820, har yau kuma da sunansu ake kiransa. Abin da wannan tarihi ke gaya maka shi ne, titin bakin ruwa domin kai baƙo aka gina shi: shimfiɗaɗɗe ne, da kujeru, da shinge, da fitilu, Hajiya za ta iya tafiya a hankali ta zauna inda ta gaji. Ita kuwa tasha wurin neman abincin wasu ne, ta riga titin zuwa, kuma ba a yi mata shinge ba domin shinge zai hana lodi. Daga bakin dakalin zuwa ruwa babu komai. Ka riƙe hannun ƙaraminku tun daga inda titin ya ƙare.

A cikin tashar ma akwai dakalin masunta, akwai wurin ajiye jiragen masu hali, wanda yawanci yana da ƙofa mai makulli, kallo daga waje ya wadatar. Idan garin yana da ɓangaren manyan jiragen kaya ko na fasinja masu ƙetare ƙasa, za ku gan shi a killace. Tun 1 ga Yulin 2004 wata dokar tsaro ta ƙasa da ƙasa, wadda aka tsara bayan harin 11 ga Satumban 2001, ta fara aiki a irin waɗannan tashoshi, ba a shiga sai da izini. Kada ka ɗauki hoton wurin kwastan ko jirgin sojan ruwa. A ƙasashe da dama wannan kaɗai ya isa a tsare mutum ana tambayoyi.

Dakalin masunta shi ne inda rai yake. Ku tsaya gefe ku ga yadda jirgi ke shigowa: injin ya rage murya, wani ya tsaya a goshi da igiya a naɗe a hannu, ya wurga, na kan dakali ya cafe ya zarga a turken ƙarfe, kafin ka ƙifta ido an fara miƙo akwatunan kifi da ƙanƙara a kai, ruwa na tsiyaya, tsuntsayen teku sun cika sama da ihu. Babu mai magana da yawa, kowa ya san aikinsa. Ana son ɗan kallo matuƙar bai tsaya a hanya ba. Igiya ita ce abin da za ku fi kiyayewa. Kada kowa ya sa ƙafa a cikin naɗin igiya da ke ƙasa, domin ɗayan bakin yana iya kasancewa a ɗaure da jirgin da ke shirin tashi. Kada a zauna a kan turken da aka ɗaure jirgi, duk da ya yi kama da kujera. Igiyar roba da ta miƙe tsam tana ƙara, idan ta tsinke da ƙarfin da take dawowa tana karya ƙashi, har kisa tana yi; in kun ga ana jan jirgi da ita, ku matsa. Tarin taru kuma dukiyar mutum ce, sau da yawa da ƙugiyoyi a kusa, ba wurin wasan yara ba. Ka yi sallama kafin ka ɗauki hoton mutum, kada kuma ka taka jirgin kowa sai ya ce bismilla. Tsuntsayen nan kada yara su ba su komai. Sun saba da mutane har sun raina su, daga bayanka suke zuwa su fizge abin da ke hannunka.

Wurin da na fi ganin mutane suna faɗuwa shi ne gangaren siminti da ake tura kwale-kwale cikin ruwa, da matakalan da ke sauka jikin katanga. Saman busasshe ne, ƙasan kuma kore ne ko baƙi-baƙi. Wannan koren gansakuka ce, santsinta ya wuce misali, kuma gangaren ruwa yake kallo. Na sha ganin babban mutum da takalmi mai kyau ya sauka taku biyu don a ɗauke shi hoto, sai ga shi a zaune yana zamewa, waya a sama. Inda launin siminti ya canja, nan ne iyakarku.

Idan kun samu babban jirgi a kusa, ku dubi gefensa. A goshi da baya akwai lambobi a jere daga ƙasa zuwa sama, suna nuna zurfin da jirgin ya nutsa. A tsakiya kuma akwai da'ira da layi ya ratsa ta, kusa da ita wasu gajerun layuka masu haruffa. Wannan ita ce iyakar lodi. Wani ɗan majalisar Birtaniya, Samuel Plimsoll, shi ya yi ta faɗa da masu jiragen da ke cika su da kaya fiye da kima suna halaka ma'aikata, har aka yi doka a 1876, alamar kuma ta ci sunansa. Layukan sun bambanta ne domin ruwa ba ɗaya ba ne. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ya fi na kogi nauyi, don haka ya fi ɗaga jirgi. Ruwan sanyi kuma ya fi na ɗumi nauyi, ga shi lokacin hunturu teku ya fi hauka. Shi ya sa layin F na ruwan kogi yake sama, W na hunturu yake ƙasa.

A bakin mashigar tasha za ku ga alama ja a gefe ɗaya, kore a ɗayan, da dare kuma fitilu masu waɗannan launuka. A Turai da Afirka da Ostareliya da yawancin Asiya, jirgi mai shigowa yana barin ja a hagunsa, kore a damansa. A nahiyar Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin a juye abin yake. Fitilun jikin jirgi kuwa ko'ina ɗaya ne: ja a hagu, kore a dama, fari a baya. Ka koya wa yara wannan da magariba, za su yi ta gardama a kai: in ka ga ja da kore tare, jirgin kai ya nufo, in fari kaɗai ka gani a ƙasa-ƙasa, ya ba ka baya. Odar jirgi ma magana ce, bisa dokokin kauce wa karo na 1972. Gajeren busa uku na nufin injina yana aiki da baya. Biyar a jere da sauri na nufin ban gane abin da kake yi ba, wato dai matuƙi ne ke yi wa wani tsawa.

Hasumiyar fitila in akwai, ku je. Kowace tana da nata salon walƙiya, wata sau biyu ta huta, wata sau uku, domin matuƙi ya gane gaɓar da yake kallo cikin duhu. Ku ƙirga daƙiƙoƙin da kanku. Sana'ar tsohuwa ce. Ta Iskandariyya a Masar an gina ta wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinta ya haura mita 100, girgizar ƙasa ta rushe ta, Sarki Ƙaitbay ya fara gina ganuwarsa a gurbinta a 1477. Ta garin A Coruña a Sifaniya tun zamanin Rumawa take, har yanzu tana aiki. Daga ƙasa, mutum a tsaye a bakin ruwa ba ya hango fiye da kilomita 5 na fuskar teku, saboda duniya a lanƙwashe take. Ku bi jirgi mai fita da ido, za ku ga gangar jikinsa ta riga samansa ɓacewa.

Sai doguwar katangar da ta shiga cikin teku ta kare tasha daga igiyar ruwa. Kowa yana son takawa har ƙarshenta, kuma in ruwa a kwance yake babu laifi, daga can ne ake ganin garin gaba ɗaya. Amma kafin ku hau, ku tsaya ku yi kallo na minti goma. Igiyoyin ruwa ba girmansu ɗaya ba, sukan zo ƙanana-ƙanana na ɗan lokaci, sannan manya su biyo a jere. Ku dubi saman katangar: idan a jiƙe yake alhali ba a yi ruwan sama ba, ko kun ga ciyawar teku da tsakuwa a warwatse a kai, teku ne ya zuba su, kuma zai sake. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska ya haura tan ɗaya a nauyi. Wanda ya kai gwiwa kawai, in da gudu ya zo, ya isa ya kwashe ƙafar ƙato. Idan an rufe ƙofar katangar ko an sa sarƙa, kada ka bi 'yan garin da ka ga sun tsallaka da sandar kamun kifi. Su ma ana rasa su. A gefen da ke kallon teku za ku ga tulin manyan siminti masu ƙafafu. Masu ƙafa huɗu a Faransa aka ƙirƙiro su a 1950, aka fara amfani da su a Kasabalanka ta Maroko. Wani samfurin kuma a East London ta Afirka ta Kudu aka fito da shi a 1963. Ramukan da ke tsakaninsu su ke karya ƙarfin ruwa, kuma su ne ke haɗiye wanda ya zame. Yara suna ganinsu suke son hawa. A hana su.

Maganar shiga ruwa: a cikin tasha, a'a, ko da mutum gwani ne. Akwai farfela, akwai igiyoyi a ƙarƙashin ruwa, akwai man dizal da ƙazanta, katangun kuma a miƙe suke babu wurin kamawa. Za ku ga samarin gari suna tsalle daga kan dakali. Sun san zurfin wurin a wannan sa'ar, wanda bayan awa uku ba haka yake ba. A kai yara bakin rairayin da ke da ma'aikatan ceto. A ƙasashe da yawa tutoci biyu masu ja da rawaya suna nuna tsakanin da ake sa ido, nan ake shiga; jar tuta zalla kuma na nufin kada a shiga sam. Tunda yaranka ba su taɓa ganin teku ba, iyakarsu gwiwa, kai kuma kana cikin ruwan tare da su, hannunka na iya kaiwa gare su. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake zato, numfashi yake nema, shiru yake tafiya. Kada a ba su balan-balan ɗin kwanciya a kan ruwa idan iska daga tudu take busawa zuwa teku, nan da nan take tafiya da yaro.

Ku nisanci yin wanka a gefen katangar tasha ko gindin gada. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, yakan tattaru ya bi ta wata siririyar hanya da gudu, kuma jikin gini yana daga wuraren da ya fi bi. Abin yaudarar shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: kumfa dama, kumfa hagu, tsakiya lumui, ruwan ya ɗan fi duhu. Gudunsa yakan kai mita 2 a daƙiƙa, ya fi ƙarfin kowane mai iyo. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake fita da shi, gajiyar kokawa da shi ce ke kisa. Wanda ya faɗa ciki ya bar neman gaɓa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga hanyar, in bai iya ba ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu. Idan garin a ƙasar sanyi yake, ka sani ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa wanda ya faɗa ciki ba shiri ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ko da rana ake ƙwallawa a waje. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda ke aiki a gaɓar Birtaniya da Ayalan tun 1824, abin da take koyarwa shi ne mutum ya kwanta rigingine, kunnuwa a cikin ruwa, ya baza hannu da ƙafa har numfashinsa ya daidaita, sannan ya nemi taimako.

In wani ya faɗa, kada ka bi shi. An ce iya ruwa fid da kai, kuma sau da yawa mai ceton ne ake rasawa, wanda ya faɗa a fito da shi. Ka yi ihu, ka wurga masa zoben ceto mai ruwan lemo da ake ratayewa a kan dakali, ka riƙe bakin igiyarsa, wani ya kira lambar gaggawa. A ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Birtaniya 999, a Amurka 911. Ta ƙasar da za ku, ka sa ta a waya tun ranar farko. Da kun shiga tasha ka nuna wa maiɗakinka da babban yaron inda zoben yake. Abu ɗaya kuma da ba kasafai yake faruwa ba amma ya kamata kowa ya sani: janyewar ruwa ta yau da kullum awa shida take ɗauka. Idan kuka ga teku ya ja baya da nisa cikin 'yan mintuna, ko kuka ji ƙasa ta girgiza, ku nufi tudu nan take. Haka ya faru a gaɓoɓi da dama ranar 26 ga Disamban 2004 kafin ambaliyar tsunami ta tekun Indiya, mutane suka bi ruwan suna kallo.

Jirgin zagaye kuwa, ku hau, domin gari daga ruwa wani gari ne daban. Sai dai ka zaɓa da ido. Ka nemi wanda ke da rumfar sayar da tikiti da takardar izini a bayyane, da adadin fasinjan da aka yarda ya ɗauka a rubuce. Ka tambayi rigunan kariya, ka ce a nuna maka na yara, domin rigar babba a jikin yaro ta kansa take fita. Idan matuƙi ya yi tsaki a kan wannan tambaya, ko ka ga ana ta ƙara mutane bayan kujeru sun cika, ku sauka. Karon farko ku ɗauki gajeren zagaye na cikin mashigi, kada ku fara da na awa uku a buɗaɗɗen teku. Safiya ta fi, saboda tudu ya fi ruwa saurin ɗaukar zafi, da rana ta take sai iska ta taso daga teku, ruwan ya fara tsalle har la'asar. Iskar nan tana da sanyi ko a lokacin zafi, tana kuma hana mutum jin yadda rana ke cin fatarsa, don haka a tafi da rigar sanyi marar nauyi da hula da ruwan sha. Mai saurin jiri ya zauna a tsakiyar jirgi inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin inji, ya kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, ya ajiye waya. Maganin jiri kafin a hau ake shansa, wasu suna sa barci, kuma na Hajiya da na yara sai an tambayi likita ko mai kantin magani tukuna.

Ita Hajiya, wahalarta a wurin hawa da sauka take. A tashoshi da yawa jiragen nan a jikin dakali mai yawo a kan ruwa suke tsayawa, ana sauka gare shi ta wata gada mai lilo. Idan ruwa ya cika, gadar kusan a shimfiɗe take. Idan ya janye, sai ta miƙe kamar tsani. Wasu wuraren ma matakalar dutse ce mai gansakuka. Ka je kai kaɗai tun jajibiri ka ga inda ake hawan, ka ɗauki tikitin tafiyar da za ta tashi kamar rabin awa ko awa ɗaya kafin cikar ruwa, domin ku fita ku dawo ruwan yana sama. Ka gaya wa ma'aikatan akwai dattijuwa, za su sa ta a gaba su kama mata hannu, sun saba. In lokutan ba su dace ba a kwanakin da kuke garin, a samar mata kujera mai inuwa a kan titin bakin ruwa daidai mashigar tasha, wani babba ya zauna da ita, ku kuma ku yi zagayen kashi biyu.